Jam'iyyar da ba ta reni 'ya'yanta ba, ina za ta samo ɗan takara?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da nake ganin ana yawan kewaye shi ba tare da an taɓo tushensa ba. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, jaridu da gidajen rediyo kan cika da koke-koke a kan ingancin 'yan takara. A ce wannan bai san aikin majalisa ba, wancan kuɗinsa ne ya saya masa tuta, wani kuma jiya-jiya ya shigo jam'iyya aka ɗora shi a kan waɗanda suka yi shekaru suna yi mata wahala. Daga nan sai a juya kan mai jefa ƙuri'a, a ce shi ne ya sayar da 'yancinsa. Ban wanke mai sayar da ƙuri'a ba, amma adalci shi ne a tuna cewa mutum yana zaɓa ne daga cikin sunayen da ya tarar a takardar ƙuri'a, kuma ba shi ya rubuta su ba. Jam'iyyu ne suka rubuta su watanni kafin ranar zaɓe, a wasu tarurruka da mafi yawan jama'a ba su san an yi ba. A ƙasa irin Najeriya, inda tsarin mulkin 1999 ya shardanta cewa sai jam'iyya ta tsayar da mutum kafin ya yi takara, wannan ƙofa ita kaɗai ce ake bi zuwa kujerar mulki, kuma ko a ƙasashen da aka yarda da ɗan takara mai zaman kansa, kusan duk wanda ya kai ga mulki ta cikin jam'iyya ya bi.

Na taɓa riƙe muƙamin sakataren gunduma a wata jam'iyya, wadda ba zan ambaci sunanta ba domin abin da na gani a cikinta bai keɓanta da ita ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarun da na yi shi ne, ni da ake kira sakatare ban taɓa riƙe cikakken littafin rajistar 'yan jam'iyya na gundumar ba. Littafin yana hannun wani babba, kuma ba ya fitowa sai an zo zaɓen shugabanni ko na fid da gwani. A lokacin ne katunan jam'iyya kan iso a cikin kwalaye, a raba su ga waɗanda ake so, a hana waɗanda ake shakka a kansu, har mutumin da ya shekara goma yana share ofis ya wayi gari babu sunansa, alhali ga sunayen mutanen da ba mu taɓa gani a taro ba. Da an gama babban zaɓe sai a garƙame ofishin, allon jam'iyya ya koɗe, sai kuma bayan shekara uku a zo da fenti. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa tara mu an karanta mana kundin tsarin jam'iyyar ba, balle a tambaye mu ra'ayinmu a kan manufofinta game da ilimi ko noma ko haraji. Tun daga lokacin na fahimci cewa rigimar da ake yi ranar fid da gwani reshe ce kawai, kuma saiwar tana can baya, a shekarun da jam'iyya ta yi ba ta san ko su wane ne 'ya'yanta ba.

Ba haka jam'iyyu suka faro ba a wuraren da suka yi tasiri. A farkon shekarun 1950, jam'iyyar Conservative ta Birtaniya tana da mambobi kimanin miliyan 2.8, kuma Labour tana da kusan miliyan ɗaya ban da waɗanda suka shigo ta ƙungiyoyin ƙwadago. Waɗannan mutane suna biyan kuɗin jam'iyya, suna halartar taron reshe, suna bi gida-gida, kuma daga cikinsu ake samun kansiloli, daga kansilolin a sami 'yan majalisa. A Tanganyika, wadda daga baya ta zama Tanzaniya, jam'iyyar TANU ta Julius Nyerere ta buɗe Kwalejin Kivukoni a 1961 domin koyar da manyan mutanen da ba su sami zurfin karatu ba amma suna da jama'a a bayansu, sannan ta kafa tsarin da kowane gida goma ke da wakili. A zaɓen 1965, ko da yake jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, an tsayar da mutum biyu-biyu a mazaɓu, kuma jama'a sun kayar da 'yan majalisa masu ci da dama har da ministoci. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ba ta da dukiyar da za ta raba, don haka jarinta shi ne wayar da kan talakawa, kuma mutane irin su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun fito ne daga jam'iyyar da shiga cikinta yake iya jawo wa mutum ɗauri. Ba ina cewa waɗannan jam'iyyu ba su da aibi ba ne, kuma tsarin jam'iyya ɗaya ba abin sha'awa ba ne a wurina. Abin lura shi ne dukansu sun ɗauki ɗan jam'iyya a matsayin wanda ake koya wa wani abu kuma ake jiran wani abu daga gare shi, kuma saboda haka idan lokacin tsayar da ɗan takara ya yi suna da mutanen da suka gwada suka sani.

Maganar kuɗin jam'iyya da mamba ke biya ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci. Jam'iyya tana buƙatar hayar ofis da albashin ma'aikata da mota da takardu da lauyoyi, kuma dole wani ya biya. Idan dubban mambobi ne suka biya kaɗan-kaɗan, shugabanni za su ji tsoron ɓata musu rai. Idan kuwa gwamna ɗaya ne ko attajiri ɗaya ke ɗauke da ofishin tun daga haya har man janareta, to babu wani sashe na kundin jam'iyya da zai hana shi faɗin wanda za a ba tuta, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da muke kira siyasar ubangida daga nan take samo asali, kuma zagin iyayen gida ba zai kawar da ita ba muddin su ne ke ciyar da jam'iyyar. A yau al'amarin ya ma juye a wurare da yawa, ta yadda ɗan jam'iyya ba ya tsammanin zai biya komai, shi ne ma yake jiran a biya shi kuɗin mota kafin ya zo taro. Jamus ta lura da wannan haɗari, shi ya sa a tsarinta na tallafa wa jam'iyyu daga baitulmali, wani kaso na tallafin ya dogara ne da abin da jam'iyya ta tara daga hannun ɗaiɗaikun mutane, inda gwamnati ke ƙara mata santi 45 a kan kowane Yuro ɗaya na kuɗin mambobi da ƙananan gudummawa, har zuwa wani iyaka. Jam'iyyar da ta yi sakaci da mambobinta a can tana asara sau biyu ke nan.

Tun a 1911 wani masani Bajamushe, Robert Michels, ya yi nazarin jam'iyyar SPD ta Jamus, wadda a lokacin ake ganin babu kamarta wajen bin ra'ayin mambobi, ya kuma kai ga cewa kowace babbar ƙungiya takan ƙare ne a hannun 'yan tsiraru, saboda su ke riƙe da ofis da takardu da kuɗi da labarai, sauran jama'a kuwa suna can suna neman abin kansu. Ina kawo wannan ne domin kada a ɗauka cutar ta wata nahiya ce ko ta wata ƙabila. Jam'iyyar Congress ta Indiya, wadda ta jagoranci neman 'yancin ƙasar, ta yi shekara 24 tun daga 1998 shugabancinta bai bar gidan Gandhi ba, sai a 2022 da aka zaɓi Mallikarjun Kharge. A Amurka ma, a 1968 jam'iyyar Democrat ta tsayar da Hubert Humphrey takarar shugaban ƙasa alhali bai shiga zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, domin manyan jam'iyya ne ke riƙe da yawancin wakilai, kuma tarzomar da ta ɓarke a babban taronsu na Chicago ce ta tilasta musu kafa kwamitin da ya sauya dokokin. Bambancin da ke tsakanin ƙasashe shi ne ko akwai wani abu da ke taka wa waɗannan 'yan tsiraru birki.

Wannan ya kawo ni ga muhawarar da ta fi cin lokacinmu, wato wace hanya ce ta fi dacewa a fitar da ɗan takara, ta daliget ko 'yar tinƙe ko masalaha. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta amince a lokacinta da dukan ukun a sashe na 84, kuma kowace tana da masu kare ta da zafi. A ganina an ba wannan muhawara nauyin da ya fi ƙarfinta. Aibin zaɓen daliget a fili yake, domin idan masu zaɓe ba su da yawa sayensu ba ya wahala. A zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a 2022, Bola Tinubu ya sami tutar APC da ƙuri'a 1,271, Atiku Abubakar kuma ya sami ta PDP da ƙuri'a 371, a ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 93. Ba sai mutum ya zargi kowa da wani abu ba kafin ya ga cewa 'yan dubbai ƙalilan ne suka taƙaita wa miliyoyi zaɓinsu. To amma daliget ba daga sama yake faɗowa ba. Ya kamata a ce 'yan jam'iyya ne suka zaɓe shi a taron gunduma, kuma inda ba a yi taron da gaske ba, sai a rubuta sunayen a ɗakin otal a kai wa uwar jam'iyya. Wanda ya mallaki jerin sunayen daliget ya riga ya ci zaɓen tun kafin a kafa akwati.

Masu goyon bayan 'yar tinƙe sukan ce a bar kowane ɗan jam'iyya ya zaɓa da kansa, domin ba mai iya sayen dubban ɗaruruwan mutane. Magana ce mai daɗin ji, sai dai tana tsaye ne a kan tambayar da na fara da ita, wato wane ne ɗan jam'iyya. Idan babu rajistar da kowa ya yarda da ita, 'yar tinƙe takan koma gasar wanda ya fi iya cika motoci da mutane, ko kuma a zauna a rubuta alƙaluman da suka fi yawan ƙuri'un da jam'iyyar za ta samu a babban zaɓe. Idan kuma ƙato bayan ƙato aka yi, ma'aikacin da albashinsa ke hannun gwamna da ɗan kasuwar da rumfarsa ke hannun shugaban ƙaramar hukuma ba za su tsaya a bayan wanda ransu ke so ba. A Kenya, cikin Afrilun 2017, jam'iyyar Jubilee mai mulki ta soke zaɓenta na fid da gwani a yankuna da yawa bayan an fara, saboda ƙarancin takardun ƙuri'a da hargitsin da ya biyo baya, kuma hakan alama ce ta jam'iyyar da ba ta san adadin mutanenta ba. Ko inda rajista take da inganci, miƙa komai ga mambobi ba ya tabbatar da zaɓi nagari. A 2022, 'yan majalisar Conservative a Birtaniya, waɗanda suka yi aiki da 'yan takarar suka san su, sun fi ba Rishi Sunak ƙuri'a, amma mambobin jam'iyyar suka zaɓi Liz Truss da ƙuri'a 81,326 a kan 60,399, kuma kwana 49 kacal ta yi a kujerar firayim minista bayan tsarin tattalin arzikinta ya girgiza kasuwanni. Idan mambobi suka ragu suka zama 'yan kaɗan masu ra'ayi iri ɗaya, zaɓinsu ba lallai ya yi kama da na sauran 'yan ƙasa ba.

Ita kuwa masalaha, asalinta abu ne mai kyau, domin sulhu ya fi rigima, kuma dokar 2022 ta ce ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye da yardarsu. Amma duk wanda ya zauna a cikin jam'iyya ya san yadda ake samun irin wannan sa hannu, da kuma yadda kalmar ta zama sunan ladabi da ake kiran ɗauki-ɗora da shi.

Sai kuma shingen kuɗin fom, wanda ke tace mutane tun kafin a kai ga kowace irin hanya. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan Naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na majalisar wakilai miliyan 10, PDP kuma ta sa na shugaban ƙasa a kan miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata, wato ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya tara albashinsa gaba ɗaya na fiye da shekara 27 kafin ya sayi takardar neman izinin shiga takarar majalisar wakilai, ban da kuɗin yaƙin neman zaɓe. Jam'iyyu kan kare kansu da cewa suna son rage 'yan tayi-daɗi ne, amma gaskiyar ita ce fom ya zama hanyar samun kuɗin shiga ga jam'iyyar da ba ta karɓar komai daga mambobinta. Sakamakon shi ne malamin makaranta ko likita ko shugaban manoma da jama'a suka yarda da shi ba shi da zaɓi sai ya haƙura ko ya nemi wanda zai saya masa, kuma wanda aka saya wa fom ya shiga ofis da bashi a wuyansa. Akwai hanyoyin gane mai takarar gaske da ba su shafi aljihu ba, kamar a ce sai ya kawo sa hannun wani adadi na 'yan jam'iyya masu rajista daga gundumomi daban-daban, sai dai wannan ma yana komawa ne ga rajistar da babu.

Kwamitin tantancewa shi ne ya kamata ya zama matattarar ƙarshe, amma sau da yawa aikinsa ya koma kawar da wanda manya ba sa so da kuma rufe ido ga wanda suke so. A Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon na APC a matsayin gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda matsalar takardun da mataimakinsa ya gabatar, aka rantsar da Douye Diri na PDP. Abin da kotu ta gani a takardun nan yana gaban jam'iyyar tun ranar da ta karɓi fom. A Amurka, George Santos ya ci kujerar majalisar wakilai daga New York a 2022 da tarihin karatu da na aiki wanda daga baya ya amsa cewa ƙirƙira ya yi, kuma sai a Disambar 2023 majalisar ta kore shi. A Indiya abin ya kai ga Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci jam'iyyu a Fabrairun 2020 da su riƙa wallafa shari'o'in laifi da ke kan 'yan takararsu, tare da bayyana dalilin da ya sa suka zaɓe su, kuma ta ce ba a yarda dalilin ya zama kawai cewa su ne za su iya cin zaɓe ba. Jam'iyyar da ta reni mutum tun yana matashi a reshe ba ta buƙatar kwamiti ya gaya mata halinsa, domin ta gan shi da amanar kuɗin taro kafin ta ba shi amanar baitulmali. Tantancewa ta zama aiki mai wuya ne saboda baƙi ake tantancewa.

Da yake jam'iyyu sun kasa yi wa kansu adalci, alƙalai ne suka gaji aikin. A 2007 Kotun Ƙolin Najeriya ta ayyana Rotimi Amaechi a matsayin gwamnan Ribas ko da yake ba shi aka tsayar ranar zaɓe ba, saboda shi ne ya ci zaɓen fid da gwani na PDP aka maye gurbinsa da Celestine Omehia ba bisa ƙa'ida ba. A Mayun 2019 kotun ta soke duk kujerun da APC ta ci a Zamfara, tun daga gwamna har 'yan majalisar jiha, saboda jam'iyyar ba ta yi ingantaccen zaɓen fid da gwani ba, kuma ƙuri'un da dubban ɗaruruwan mutane suka tsaya a rana suka jefa suka tashi a banza. Wasu kan ga irin wannan hukunci a matsayin ƙwace zaɓin jama'a, kuma ina fahimtar zafin da suke ji, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jamus ma ta bi ta nan. Sashe na 21 na tsarin mulkinta ya wajabta wa jam'iyyu bin dimokuraɗiyya a cikin gidansu, dokar zaɓenta kuma ta ce sai an zaɓi ɗan takara ta ƙuri'ar sirri a taron mambobi ko na wakilansu. A 1993 kotun tsarin mulki ta Hamburg ta soke zaɓen majalisar jihar na 1991 baki ɗaya saboda yadda jam'iyyar CDU ta fitar da 'yan takararta, aka sake sabon zaɓe, kuma a 2021 an hana jam'iyyar Greens shigar da jerin 'yan takararta na jihar Saarland a zaɓen tarayya saboda an hana wakilan wani reshe jefa ƙuri'a. Abin da ya bambanta shi ne a can irin wannan yakan faru ne jefi-jefi har ya zama abin tarihi, a wasu ƙasashen kuwa ya zama wani mataki na zaɓe da kowa ke tanadar masa lauya.

Sauya sheƙa ma 'yar wannan gida ce. Mutumin da jam'iyya ba ta koya masa komai ba, kuma bai ba ta komai ba sai kuɗin fom, ba shi da dalilin zama idan aka hana shi tuta. A Tanzaniya, a 2015, da jam'iyyar CCM mai mulki ta cire sunan Edward Lowassa daga cikin masu neman takarar shugaban ƙasa, cikin 'yan makonni ya zama ɗan takarar jam'iyyar adawa ta Chadema, wadda ta shafe shekaru tana sukarsa. Laifin a nan har da na jam'iyyar da ta karɓe shi ta ajiye nata 'ya'yan, domin duk matashin da ke kallo ya koyi darasi cewa haƙuri da hidima ba su ne hanyar samun tuta ba. Indiya ta yi dokar hana sauya sheƙa a 1985, tsarin mulkin Najeriya kuma ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa sai idan jam'iyyar ta dare, amma a ƙasashen biyu an ci gaba da samun hanyar kewaye dokar. Doka tana iya ɗaure ƙafar mutum, sai dai ba ta iya sa masa aƙidar da ba a shuka masa ba.

Waɗanda wannan tsari ya fi cutarwa su ne mata da matasa, domin su ne mafi ƙarancin kuɗi kuma su ne ba sa zama a ɗakin da ake rubuta sunaye da tsakar dare. A majalisar dattawan Najeriya ta 10, mata 4 ne cikin sanatoci 109. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma bai rage kuɗin fom ba kuma bai sauya masu riƙe da daliget ba. Inda aka ga canji, a matakin tsayar da 'yan takara aka taɓa. Senegal ta yi dokar daidaito a 2010 wadda ta ce a jera mace da namiji bi da bi a jerin sunaye ko a ƙi karɓarsa, kuma a zaɓen 2012 mata 64 suka shiga majalisa mai kujeru 150. Faransa ta yi tata dokar a 2000, amma da yake a zaɓen majalisar ƙasa hukuncin rage tallafi ne kawai, manyan jam'iyyu sun yi shekaru suna gwammace asarar kuɗin a kan su sauke mazan da ke kan kujeru.

Ya kamata in yi wa kaina gyara kafin wani ya yi mini, domin renon 'yan jam'iyya ma yana da nasa haɗarin. ANC ta Afirka ta Kudu tana da rassa da tarurruka da makarantar horar da shugabanni, kuma mafi yawan wakilan babban taronta daga rassa suke fitowa, amma duk da haka shugabanninta da kansu sun sha kokawa a kan masu sayen katuna da yawa domin cika reshe da mutanensu. Kwamitin Moerane, wanda aka kafa a 2016 domin binciken kashe-kashen siyasa a lardin KwaZulu-Natal, ya danganta da yawa daga cikinsu da gasar neman kujerar kansila da kwangilolin da ke bin ta, kwamitin Zondo kuma, wanda ya binciki almundahana a gwamnatin ƙasar, ya soki al'adar jam'iyyar ta tura 'ya'yanta muƙaman gwamnati da kamfanoninta. Ke nan idan horo ya koma koyar da biyayya ga shugaba, kuma katin jam'iyya ya zama takardar neman aiki, an koma gidan jiya ta wata ƙofa. Horon da nake nufi shi ne wanda zai sa sakataren gunduma ya iya karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa, ya san yadda ƙuduri ke zama doka, ya kuma iya miƙewa a taro ya ce wa shugaba bai yarda ba, ba tare da an kira shi mai zagon ƙasa ba.

Ranka ya daɗe Edita, tun a 2022 dokar zaɓe ta ce kowace jam'iyya ta riƙe rajistar mambobinta kuma ta miƙa wa hukumar zaɓe kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani ko babban taro, amma ban ga an mayar da wannan abin bibiya a kafafen labarai ba. Roƙona ga wannan jarida shi ne ta riƙa tura wakilanta zuwa tarurrukan gunduma kamar yadda take tura su babban taron ƙasa, su duba ko an taru da gaske, su ƙirga mutanen da suka gani da idonsu su gwada da alƙaluman da aka sanar. Su tambayi shugabannin jam'iyyu mambobi nawa ne suka biya kuɗin jam'iyya a bara, nawa aka tara, wa ke biyan hayar ofis, kuma yaushe aka yi taron reshe na ƙarshe wanda ba na rabon wani abu ba. Idan an fitar da sunayen 'yan takara, a buga kusa da kowane suna ranar da ya shiga jam'iyyar da muƙaman da ya riƙe a cikinta, da kuma adadin mutanen da suka zaɓe shi, domin mai karatu ya gani da kansa kafin ranar da za a miƙa masa takardar ƙuri'a.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku, tsohon sakataren gunduma.